Sayanobakteriya: gansakuka ce ko bakteriya, kuma me ya sa sunayenta suke ta sauyawa?

Tambaya: Ni malamar ilimin halittu ce a makarantar sakandare, kuma ina karatun digiri na biyu a kan ingancin ruwan madatsa. Littafin da muke koyarwa da shi ya sanya sayanobakteriya a cikin gansakuka, yana kiranta shuɗi-koren gansakuka, amma takardun binciken da nake karantawa suna cewa bakteriya ce. Ga kuma batun sunaye: abin da na sani da Anabaena na tarar an mayar da shi Dolichospermum, Spirulina kuma ta koma Limnospira. Wanne ne daidai, yaya ake rarraba waɗannan halittu, kuma wane suna ya kamata in rubuta a aikina?

Amsa: Malama, sashen farko na tambayarki ba shi da gardama a yau: sayanobakteriya bakteriya ce. Ƙwayar halittarta ba ta da cibiya mai lulluɓi da ke killace DNA, ba ta da kuloropilas (sashen ƙwayar tsiro da ke haɗa abinci da haske) ko maitokondiriya (sashen da ke samar wa ƙwaya kuzari), bangonta an gina shi da peptidogilaikan kamar na sauran bakteriya, kuma tana hayayyafa ne ta hanyar rabuwa, babu namiji babu mace. Ko tsarin masarautu biyar da Robert Whittaker ya gabatar a 1969, wanda littattafan sakandare da yawa suke bi har yanzu, a masarautar Monera ya ajiye ta tare da sauran bakteriya. Abin da ya sa magabata suka haɗa ta da gansakuka shi ne yadda take rayuwa: tana da kulorofil a, tana haɗa abincinta da hasken rana, tana fasa ruwa ta saki iskar oksijin, kuma tana taruwa a saman kududdufi ta yi kore shar kamar kowace gansakuka. Kalmar gansakuka ke nan tana bayyana sana'a da wurin zama, ba ta bayyana dangantaka. Ko launin da ke cikin tsohon sunan ba abin dogaro ba ne, domin akwai jajaye, akwai masu ruwan ƙasa, akwai masu duhu kamar baƙi, gwargwadon yawan faikosayanin mai shuɗi da faikoeritirin mai ja da ke cikinsu.

Sashe na biyu, wato na sunaye, shi ne mai wuya, kuma ba za a fahimce shi ba sai an san cewa wannan rukunin halittu ya faɗa hannun ƙungiyoyin masana biyu, kowace da dokarta ta raɗa suna da kuma abin da take ɗauka hujja.

Masana tsirrai ne suka fara riƙe su. Tun a shekarun 1870 Ferdinand Cohn, Bajamushen da ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa ilimin bakteriya, ya lura da kusancinsu da bakteriya har ya haɗa su a rukuni ɗaya, amma aikin siffanta su da raɗa musu suna ya ci gaba da zama a hannun masu nazarin gansakuka. Ayyuka biyu na Faransawa sun zama ginshiƙi: na Édouard Bornet da Charles Flahault a kan masu zare da ke da heterosist (ƙwaya ta musamman mai kama naitirojin daga iska), wanda ya fara fitowa a 1886, da na Maurice Gomont a kan masu zare marasa heterosist, na 1892. Darajar waɗannan ayyuka ta kai dokar raɗa sunayen tsirrai ta mayar da su mafarin lissafi, ma'ana duk sunan da aka raɗa wa ɗaya daga cikin waɗannan rukunai biyu kafin waɗancan shekaru ba ya tsayawa da ƙafarsa sai idan an tabbatar da shi daga baya. A 1932 Lothar Geitler na ƙasar Ostiriya ya tattara abin da aka sani a babban kundi guda, ya amince da nau'i kusan 1,300 a cikin jinsi 145. Tsarinsa ne aka yi shekaru da dama ana bi, kuma a kansa T. V. Desikachary na Indiya ya gina nasa kundin na 1959, wanda ya yi wa masu bincike a ƙasashe masu zafi amfani ƙwarai.

Hujjar waɗannan masana gaba ɗaya ita ce abin da ido ya gani a madubin ƙara girma: faɗin ƙwaya da tsawonta, ko ita kaɗai take ko a dunƙule, ko tana yin zare, ko zaren yana da kube mai yauƙi, yadda ƙarshen zaren ya ƙare, ko yana yin reshe. Ina girmama wannan aiki matuƙa, domin idon mutanen nan ya gano bambance-bambancen da nazarin DNA ya zo ya gaskata bayan shekara ɗari. Amma yana da rauni guda babba, wato waɗannan siffofi suna sauyawa da yanayi. Zaren da yake da kube mai kauri a kan busasshen dutse yana iya rasa shi idan aka rene shi a ruwa. Wanda yake yin heterosist a ruwan da ba shi da naitirojin yana daina yi idan aka wadata shi da shi. Francis Drouet, Ba'amurke, ya ga wannan rauni ya kuma wuce gona da iri wajen gyara shi: ya ɗauki akasarin nau'o'in da aka siffanta a matsayin sauye-sauyen kamanni na 'yan nau'o'i kaɗan, har ya rage su zuwa nau'i 62 a cikin jinsi 24. Tsarinsa ya yi sauƙin amfani, amma ya cusa halittun da ba su da alaƙa a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma yau babu mai binsa. Duk da haka ya bar gado mai rikitarwa, domin tsofaffin takardu da yawa an rubuta su da sunayensa.

Ƙungiya ta biyu ta shigo ne ta hannun Roger Stanier, ɗan Kanada. A 1962 shi da C. B. van Niel suka fayyace abin da ake nufi da halitta marar cibiyar ƙwaya, suka nuna cewa shuɗi-koren gansakuka tana cikin wannan sahu ba tare da wani togaciya ba. Bayan ya koma Cibiyar Pasteur da ke birnin Faris, shi da abokan aikinsa suka tara irin waɗannan halittu suna renonsu a tsarkake, wato kowane iri shi kaɗai ba tare da wata bakteriya ta gauraya da shi ba, kuma kowane da lambarsa da ke farawa da PCC. A 1978 suka nemi a mayar da raɗa sunayensu ƙarƙashin dokar bakteriya, sannan a 1979 Rosmarie Rippka da Stanier da sauran abokansu suka fitar da tsarin da ya ginu a kan iri 178, suka raba su jinsi 22 a cikin sassa biyar.

Ya kamata ki san waɗannan sassa biyar da kyau, domin har yanzu su ne hanya mafi sauƙi ta fara tantance abin da ke ƙarƙashin madubi. Sashe na farko shi ne masu ƙwaya ɗaya da ke rabuwa gida biyu ko su yi toho, kamar Synechococcus da Synechocystis. Na biyu su ma masu ƙwaya ɗaya ne, amma ƙwayar takan rarrabu a cikin bangonta zuwa ƙananan 'ya'ya masu yawa da ake kira bayosait, kamar Pleurocapsa. Na uku masu zare ne da dukan ƙwayoyinsu iri ɗaya ne, kamar Oscillatoria. Na huɗu masu zare ne da ke ware wasu ƙwayoyi su zama heterosist, wato ƙwaya mai kaurin bango da ke hana oksijin shiga domin a samu damar kama naitirojin daga iska, kuma da yawansu suna yin akinit, ƙwayar ajiya mai jure fari da sanyi. Nostoc da Anabaena suna nan. Na biyar suna da heterosist su ma, sai dai ƙwayoyinsu suna rabuwa ta fuska fiye da ɗaya, don haka zaren yana yin reshe na gaskiya, kamar Fischerella.

A nan ne dokokin biyu suka yi karo, kuma karon ya fi ƙarfin son kai na masana, domin kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. A dokar tsirrai, abin da ke riƙe da suna shi ne samfurin shaida da aka adana, galibi busasshe a ma'ajiyar tsirrai, wani lokaci ma zane. A dokar bakteriya kuwa, shaidar suna rayayyen iri ne tsarkakakke, kuma ƙa'idar yanzu ta ce sai an ajiye shi a ma'ajiya biyu a ƙasashe daban-daban domin kowa ya iya nema ya gwada. Masana bakteriya suna cewa busasshen samfuri ba ya girma, ba a iya auna yadda yake numfashi ko abin da yake ci, to yaya za a kafa suna a kansa? Masana gansakuka kuma suna amsawa da cewa akasarin sayanobakteriya ba su yarda a rene su a tsarkake, saboda yauƙin jikinsu cike yake da wasu bakteriya da ke manne, kuma waɗanda suka yarda ɗin sukan rasa siffarsu ta asali bayan 'yan watanni a kwalba, ta yadda mai aiki a bakin tafki ba zai gane su ba. Sakamakon haka shi ne dubban sunaye sun inganta a dokar tsirrai, 'yan ƙalilan ne kawai suka inganta a dokar bakteriya, kuma halitta ɗaya tana iya yawo da suna biyu ko uku. Sai a 2021 kwamitin duniya mai kula da sunayen bakteriya ya amince cewa sunan sayanobakteriya da ya inganta a dokar tsirrai ya inganta a tasa dokar ma. A 2022 kuma aka tabbatar da Cyanobacteriota a matsayin sunan babban reshen gaba ɗaya. Idan kin ga Cyanophyta ko Cyanophyceae, harshen masana tsirrai ne. Idan kin ga Cyanobacteria ko Cyanobacteriota, na masana bakteriya ne, kuma kusan halittu ɗaya ake nufi. Zan dawo kan wannan "kusan" a gaba.

Abin da ya girgiza tsarin ɓangarorin biyu baki ɗaya shi ne karanta jerin ƙwayoyin gado. Tun daga aikin Carl Woese a shekarun 1970, an gane cewa kwatanta jerin 16S, wani yanki na gado da kowace bakteriya take da shi kuma yake sauyawa a hankali, yana nuna wa ya fi kusa da wa. Da aka yi wa sayanobakteriya wannan awo, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa gaba, sai aka ga cewa daga cikin sassa biyar ɗin babu wanda ya tsaya cif a matsayin zuriyar kaka ɗaya yadda aka zana shi. Masu heterosist duka, na sashe na huɗu da na biyar a haɗe, sun fito daga tsatso ɗaya, wanda ke nuna cewa sau ɗaya aka samu wannan baiwa a tarihi. Amma masu reshen gaskiya ba su keɓe daban ba, a warwatse suke a cikin 'yan uwansu, shi ya sa aka rushe rukuninsu na Stigonematales aka zuba shi cikin Nostocales. Masu ƙwaya ɗaya da masu zare marasa heterosist kuwa sun cakuɗe da juna a ko'ina cikin bishiyar dangantaka, alamar cewa yin zare ya bayyana ya kuma ɓace fiye da sau ɗaya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane ba ce, kuma ban san wani rukunin halittu da maganar ta fi dacewa da shi ba.

Misali mafi bayyana shi ne Synechococcus. An daɗe ana sanya wa duk wata 'yar ƙaramar ƙwaya mai siffar sanda ko ƙwai wannan suna, ko daga tafki take, ko daga tsakiyar teku, ko daga maɓuɓɓugar ruwan zafi. Siffa mai sauƙi haka ba ta da abin da ido zai kama, don haka aka tara baƙi a gida ɗaya. Nazarin gado ya nuna cewa na teku sun fi kusa da Prochlorococcus fiye da yadda suke kusa da Synechococcus elongatus na ruwan daɗi, kuma wasu na ruwan zafi an riga an ware musu jinsin Thermosynechococcus. Akasin wannan kuskure shi ne wanda aka yi da Prochloron, wadda Ralph Lewin ya siffanta a tsakiyar shekarun 1970 daga jikin wasu dabbobin teku. Tana da kulorofil b kamar koren tsirrai, ba ta da tarin launukan shuɗi da ja da aka san sayanobakteriya da su, don haka aka ware mata babban reshe nata, Prochlorophyta, har wasu suka zaci ita ce kakar kuloropilas na koren tsirrai. Daga baya aka ƙara mata Prochlorothrix daga tafkunan Holan, da Prochlorococcus wadda Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana a 1988, 'yar mitsitsiya da faɗinta bai kai maikuromita ɗaya ba, amma ita ce mafi yawan halitta mai haɗa abinci da haske a duniya. A 1992 aka nuna cewa ukun nan sayanobakteriya ne na sosai, kuma ba ma kusa da juna suke ba. Launi ya yaudari masana kamar yadda siffa ta yaudare su.

Akwai dai siffar da ta fi sauran riƙe amana, wato yadda tailakoyid, shimfiɗun da ake kama haske a kansu, suke jere a cikin ƙwaya: ko a gefe-gefe suna bin bango, ko suna fitowa kamar haskoki daga tsakiya, ko a hargitse. Sai da madubin lantarki ake ganin wannan, amma ya yi daidai da bishiyar gado a wurare da yawa. Gloeobacter violaceus, wadda aka samo daga dutsen farar ƙasa a Suwizalan aka bayyana a 1974, ba ta da tailakoyid ko kaɗan, a fatar ƙwayarta take kama haske, kuma zuriyarta ce ta fara rabuwa da sauran a gindin bishiyar.

Tsarin da akasarin masu aiki suke bi a yau ya fito ne daga makarantar Jiří Komárek na Jamhuriyar Cek. Shi da Konstantinos Anagnostidis na Girka sun sake bitar rukunin gaba ɗaya tsakanin 1985 da 1990, sannan aka ci gaba da gyara bisa hanyar haɗa hujjoji: a fara da dangantakar gado, a nemo siffar da ta dace da ita, a duba tsarin cikin ƙwaya, a kuma lura da muhallin da halittar take zaune. A 2014 Komárek da abokan aikinsa suka fitar da tsari mai rukuni takwas: Gloeobacterales, Synechococcales, Spirulinales, Chroococcales, Pleurocapsales, Chroococcidiopsidales, Oscillatoriales da Nostocales. Su da kansu sun san cewa wasu daga cikin rukunan, musamman Synechococcales da Oscillatoriales, har yanzu taron baƙi ne. A 2023 Otakar Strunecký da abokan aikinsa, suna amfani da cikakken kundin gado maimakon yanki ɗaya, suka ƙara sababbin rukunai goma da dangi goma sha biyar. Matakan kuwa su ne waɗanda kika sani: nau'i a cikin jinsi, jinsi a cikin dangi mai ƙarewa da -aceae, dangi a cikin rukuni mai ƙarewa da -ales.

Yanzu ga sunayen da suka dame ki. Anabaena ta asali tana zaune ne a ƙasan ruwa ko a kan laka, ba ta da kumfar iska a cikin ƙwayoyinta. Waɗanda suke shawagi a saman tafki suna cika shi da kore, masu kumfar iska da ke sa su taso, an gano cewa zuriyarsu daban ce, sun ma fi kusa da wani jinsin mai suna Aphanizomenon, don haka a 2009 aka mayar da su Dolichospermum. Tunda ruwan madatsa kike nazari, akwai yiwuwar abin da kike gani mai shawagi Dolichospermum ne, kuma Anabaena circinalis ta tsofaffin takardu ita ce Dolichospermum circinale. Haka Oscillatoria masu shawagi suka koma Planktothrix tun 1988. Labarin Cylindrospermopsis raciborskii ya fi ba da mamaki. Ita ce aka danganta da cutar da ta kwantar da fiye da mutum 140, akasarinsu yara, a tsibirin Palm na Ostareliya a 1979, bayan an zuba sinadarin kashe gansakuka a madatsar garin ya fasa ƙwayoyin suka saki guba. An raba ta da jinsin Raphidiopsis ne saboda ita tana da heterosist a ƙarshen zare, waccan ba ta da shi. Sai aka gano cewa jinsi ɗaya ne, wasu daga cikinsu ne kawai suka rasa heterosist, kuma da yake sunan Raphidiopsis ya girme, tun 1929, shi ya rinjaya a 2018. Wanda yake neman bayanin gubar wannan halitta da suna ɗaya kawai zai rasa rabin abin da aka rubuta a kanta.

Spirulina kuwa labarinta ya taɓo maƙwabtanmu. A yankin Kanem na Chadi, arewa maso gabashin Tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani koren abu daga saman tafkunan kanwa, su tace shi, su shanya a kan rairayi, su yanka shi gutsuri-gutsuri su kai kasuwa. Suna kiransa dihe, kuma ana yin miya da shi. Masanin Faransa Pierre Dangeard ya ba da labarinsa a 1940, sannan Jean Léonard na Beljiyam ya sake cin karo da shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960, kuma daga nan duniya ta farga da yawan furotin da ke cikinsa. Tun ƙarni na 19 akwai jinsi biyu masu murɗaɗɗen zare: Spirulina, siririya mai matsattsen murɗi da ba a ganin katangun da ke tsakanin ƙwayoyinta a madubi na yau da kullum, da Arthrospira, mai kauri da katangu a bayyane. Geitler ya haɗe su a ƙarƙashin Spirulina, kuma a zamanin da wannan haɗin yake aiki ne aka fara kasuwancin abin, sai sunan ya manne a kan kwalabe. Da aka sake raba su, wadda ake ci ta faɗa Arthrospira. A 2019 kuma aka binciki Arthrospira jenneri, nau'in da sunan jinsin ya rataya a kansa, aka tarar ba dangin kusa ba ce ga wadda ake nomawa, sai aka raɗa wa ta nomawar Limnospira. Dihe ke nan Limnospira ce, kuma Spirulina ta gaskiya ba ma rukuninsu ɗaya ba. Kalmar da ke kan kwalba sunan kasuwa ce, ba laifi a bar ta a can, amma kada ta shiga rubutun kimiyya a matsayin sunan jinsi.

Ba kullum ake tsagawa ba, wani lokaci haɗewa hujja take nema. Microcystis, wadda gubarta ta maikurosistin ta kashe fiye da majinyata 50 masu wankin ƙoda a garin Caruaru na Burazil a 1996, an raba ta nau'o'i da yawa bisa siffar dunƙulenta, amma jerin 16S nasu kusan ɗaya ne, kuma a kwalbar reno dunƙulen yakan watse su koma kama ɗaya. A 2001 wasu masana na Japan suka ba da shawarar a haɗa nau'i biyar a ƙarƙashin Microcystis aeruginosa. Abin da ya fi muhimmanci ga aikinki shi ne a cikin nau'i ɗaya akwai iri mai guba da marar guba, kuma ido ba ya bambance su. Suna yana gaya miki cewa akwai haɗari da ya kamata a bincika, amma awon guba ne kaɗai zai nuna ko ruwan ya wuce ma'aunin maikurogiram 1 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wa maikurosistin-LR a ruwan sha.

Na yi alkawarin komawa kan iyakar rukunin kansa. A 2013 aka bayyana wasu bakteriya daga hanjin ɗan Adam da ruwan ƙarƙashin ƙasa waɗanda gadonsu ya nuna su ne 'yan uwan sayanobakteriya mafi kusa, amma ba su haɗa abinci da haske ko kaɗan. Aka kira su Melainabacteria. A 2017 aka ƙara wata zuriyar, Sericytochromatia. Masu rarraba bakteriya bisa kundin gado zalla sun sanya duka ukun a babban reshe ɗaya, masu kama haske suka zama aji guda a ciki. Wasu masana sun ƙi, suna cewa sunan sayanobakteriya tun asali na masu sakin oksijin ne. Ni ina tare da waɗannan na biyun a wajen amfani da kalmar, domin sunan da aka yi shekaru ana fahimtar abu ɗaya da shi bai kamata a faɗaɗa shi har ya daina nuna wannan abu ba. Amma gano dangin nan ya yi amfani ƙwarai, tunda yana nuni da cewa fasa ruwa da hasken rana ya samu ne bayan rabuwarsu, kafin iskar oksijin ta taru a sararin duniya kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce. Ta ɗaya gefen kuma, kuloropilas da ke cikin kowane ganye da kowace gansakuka ta gaskiya jikar wata sayanobakteriya ce da wata ƙwaya ta haɗiye ta zauna a cikinta, ra'ayin da Konstantin Mereschkowsky ya kawo a 1905, Lynn Margulis ta farfaɗo da shi a 1967, nazarin gado kuma ya tabbatar. Wannan ita ce alaƙar gaskiya da ke tsakanin sayanobakteriya da gansakuka, kuma na ga ɗalibai sun fi riƙe darasin idan aka ba su shi ta wannan fuska.

Game da abin da za ki rubuta, Malama, shawarata ita ce ki bayyana tun a farkon aikinki tsarin da kika bi da shekararsa, ko na 2014 ko na 2023, ki tsaya a kansa har ƙarshe. Ki yi amfani da sunan da ake karɓa yanzu, ki ambaci tsohon sau ɗaya a wurin da ya fara fitowa, bayan kin duba shi a rumbunan intanet irin su AlgaeBase da CyanoDB. Ki duba samfurinki yana ɗanye kafin ki zuba masa ruwan aidin na Lugol, domin maganin adanawa yana ɓata launi, yana iya watsa dunƙule, kuma yana lalata kumfar iskar da za ta raba miki Dolichospermum da Anabaena. Ki auna faɗi da tsawon ƙwayoyi da yawa, ki lura da inda akinit yake zaune dangane da heterosist, ki ɗauki hoto mai ma'auni a jiki, domin idan suna ya sake sauyawa bayan shekara goma, hoton da awon ne za su ba wani damar sanin abin da kika gani. Inda madubi ya kai ki ga jinsi kawai, ki tsaya a jinsi ki rubuta sp. bayan sunan jinsin, wato ba a tantance nau'in ba, hakan ya fi daraja a idon masana fiye da sunan nau'in da aka ɗora bisa zato. Idan kina da halin karanta 16S, ki sani cewa kamancen da ya gaza kashi 98.7 cikin ɗari yana nuna nau'i daban, amma wanda ya haura hakan ba ya tabbatar da cewa nau'i ɗaya ne, sai an ƙara da yankin da ke tsakanin 16S da 23S ko cikakken kundin gado. Kuma duk lokacin da kika ambaci irin da aka rena a ɗakin gwaji, ki haɗa da lambarsa: PCC 7120 ana kiranta Anabaena a wasu takardu, Nostoc a wasu, PCC 6301 kuma ta yi shekaru tana amsa Anacystis nidulans kafin ta koma Synechococcus elongatus, amma lambobin nan biyu ba su taɓa sauyawa ba.